Rigar Ɓarawo a Wasan Wanda Rana Ta Tuɓe

Ku 'yan wasan yanzu, na ga yadda kuke yi. Ran nan a bakin tashar Boɗinga na tsaya ina kallonku. Yaro ya tuɓe rigarsa ya miƙa wa abokinsa, aka ɗaga waya sama, wai an shirya ɓarawo ke nan. Na tambayi ɗayanku wa ke kula muku da tufafi, ya ce, "Inna, ai wannan ba aiki ba ne, kowa da kayansa yake zuwa." To madalla. Tunda ba aiki ba ne, ku zauna ku ji yadda na tsufa a cikin abin da ba aiki ba.

Sunana Kulu, amma daga Boɗinga har Shagari Kulu Mai Adaka ake ce mini. Ban taɓa shiga aji ba, ko sunana aka rubuta a bango wucewa zan yi. Sana'ata tufatar da 'yan wasan kwaikwayo. Kafin ɗan wasa ya buɗe baki, ya kamata mai kallo ya riga ya san ko alƙali ne, ko mahauci, ko munafukin gari. In sai ya faɗa da bakinsa aka gane, mai tufafi ta ci abincin banza.

Aikin farko da Gwaggo Tumba ta ba ni ba ɗinki ba ne. Ita ce ƙanwar ubana, ita ke shirya samari in za su yi wasan kalankuwa bayan an kai amfanin gona gida. Rani guda ta hana ni taɓa allura. Ran kasuwa sai ta zaunar da ni kusa da masu albasa, ta ce in dubi mutane. In na dawo ta tsare ni da tambaya.

"Mi kinka gani?"

"Na ga wani mai babbar riga."

"Kowa ya ga wannan, har jakin da ad ɗaure. Wace kafaɗa yaka fara naɗewa? Hulatai gaba tat karkata ko baya? Wuyan rigar ya ci gumi ko yau anka fid da ta?"

In ban lura da waɗannan ba, ta ce in koma. A nan na koyi cewa sabon mai kuɗi yana yawan gyara hannun riga, tsohon mai kuɗi kuwa mantawa yake yana sanye da ita. Dillali hularsa a ƙeya take, don goshinsa ya fito a ga kamar ba ya ɓoye kome.

Kayan aikina duk a adaka guda suke, ta ƙarfe, wadda na gada wurin Gwaggo. Allura da basilla, almakashi, ƙaro na manna gemu, gashin wutsiyar akuya na gemun kansa, toka ta furfura, gawayi na zurfafa ido. Jini kuwa soɓorodo ne, wanda kuke ce wa zoɓo, a dafa shi ya yi duhu, a kaɗa ɗan garin rogo ya yi kauri. Ba a sa sukari, sai in kina son gawa ta tashi tana korar ƙuda a tsakiyar makoki. Kakin ɗan sanda shi ya fi wuya. In bai yi kama ba yara su yi dariya, in ya yi kama sosai 'yan sandan gaske su zo su tambayi inda aka samo shi. Don haka maɓallansa marfin kwalba nake sawa. Daga nesa yana ƙyalli, daga kusa kowa ya ga wasa ne.

Doka guda Gwaggo ta bar mini, ta kuwa maimaita ta har na gaji da ji: rigar ɓarawo ba a aronta. Ta alƙali a ara, ta attajiri a ara, mai ita ma daɗi zai ji. Amma ta ɓarawo dole mai adaka ta ɗinka da hannunta, ta zama ba ta kowa ba. A ƙauye riga fuska ce. Mutum na da babbar riga ɗaya, da ita aka ɗaura masa aure, da ita yake zuwa Idi, da ita yake zuwa gaisuwar mutuwa. Ko a igiyar shanya aka gan ta, an san gidan da ta fito.

Da siyasa ta dawo, aiki ya buɗe. Wani malamin firamare da aka turo Shagari, Malam Sahabi, ya tara samari ya kafa ƙungiyar wasa, ya aiko a kira ni. Mutum ne mai kaifin baki, ga iya habaici. In ya shirya wasa, mutane ba labarin suke bi ba, neman wanda ake nufi suke yi. Masu neman mu kuwa iri-iri. Ma'aikatan lafiya su ce a yi musu wasan rigakafi. 'Yan siyasa su ce a yi musu wasa a wurin taro, kuma kowane ɓangare sai ya jawo ni gefe ya ce a sa wa ɓarawo launin tutar abokan hamayya. Ni kuwa rigar ɓarawona ruwan toka ce, ba ta jam'iyyar kowa. Ita ta yi sata a taron waɗannan da safe, ta yi a taron waɗancan da la'asar, kowa ya tafa ya ce an gaya wa ɗaya ɓangaren gaskiya.

Sai muguwar shekara ta zo. Sabulu ya ɓace daga kanti, yadi ya ɓace, man fitila sai a bayan fage. Ruwa ya ɗauke gero na tsakiyar fid da kai. Albasar da aka kai rani da ita ta ruɓe a ajiya. Ba mai kiran 'yan wasa, don mai jin yunwa ba ya sayen dariya. Adakata ta daɗe a ƙuryar ɗaki ba a buɗe ba, gindinta ya yi tsatsa, gara ta samu ƙofa. Ranar da na buɗe, na tarar ta cinye rigar ɓarawo tas, ta bar farar rigar alƙali ko taɓawa ba ta yi ba. A shekarun nan gara kaɗai na ga ta hukunta ɓarawo.

Ana cikin haka takin zamani da aka kawo don manoma ya yi ƙafa daga sito. Da dare yana nan, da safe babu, ƙofa kuma a kulle. Kowa na magana a ciki-ciki. Malam Sahabi ya zo gidana da fara'arsa, ya ce ya shirya sabon wasa: an sace taki, an fasa wa mai gadi kai, ɗan sanda na bin sawu, a ƙarshe a kama ɓarawo a tuɓe masa riga a gaban jama'a, a ga buhunan taki a naɗe a jikinsa.

"Mi as sunan wasan?" na tambaye shi.

"Wanda Rana Ta Tuɓe."

Na ajiye abin da ke hannuna. Wannan ba maganarsa ba ce. Daga waƙar Malam Buba ya ɗauko ta, wani tsohon malami makaho da ya zauna a Dingyadi tun muna yara. Ya yi ta ne a wata yunwa ta zamanin iyayenmu, mata suka haddace, muna ji a bakinsu suna kaɗi. Baitin cewa yake:

Wanda rana ta tuɓe, kau da idonka,
Jefa masa mayafi, ka kama gabanka.

Ba ɓarawo Malam Buba yake nufi ba. Maigida yake nufi, mai mutunci, wanda muguwar rana ta faɗo wa, rumbu ya ƙare, ya fara fitar da kayan ɗaki a ɓoye. Waƙar tana horon maƙwabci ne: in ka gane, kada ka nuna ka gane, rufe shi ka wuce. Na gaya wa Malam Sahabi haka.

"Na sani, Inna," ya ce. "Kakata ma tana yin ta. Amma rabin farko ka tara mutane. Wa zai baro gida shi zo kallon ana kau da ido?"

"Ka yanke wa tsoho magana a tsakiya."

"Tsohon ya rasu, ba ya kai ƙara. Ke dai ki samo muna riga babba, wadda in an ɗaga ta sama na baya ma shi gani."

Samo riga a shekarar da babu yadi. Na zaga Boɗinga, na aika Sakkwato, ko ƙyalle ban samu ba. Ƙarshe na je rumfar Tanko dillalin gwanjo. Rumfarsa kuwa a cike, don a irin wannan shekara kayan gwanjo ba sa yankewa. Ya zaro wata shuɗiyar riga mai aska biyu, aikin wuyanta da koren zare, abin da ba a cika gani ba. Na juya ta, na shinshina. An riƙe ta da daraja, ninkin ma na mai bugu ne.

"Tanko, ta wa ta?"

"Haba Inna, daga can Jega tat taho. Mai ita ma ya daɗe da rasuwa."

"Rantse."

Ya rantse. Ban ga laifinsa ba har yau. Dillalin da ke faɗin sunan mai kaya, ba mai sake kawo masa kaya ta bayan gida.

A Horo Birni muka fara wasan, bayan la'asar, a filin makaranta. Na'Allah ne ɓarawo, wani dogon saurayi mai iya tafiyar manya. Ina zaune gefen mata da adakata. Da ya fito cikin shuɗiyar riga yana gyara hannu, aka fashe da dariya. Sai dariyar ta mutu. Na ga kawuna suna juyawa baya ɗaya bayan ɗaya, wajen wani dogon mutum da ke tsaye can ƙarshe cikin koɗaɗɗiyar taguwa. Matar da ke kusa da ni ta zungure ni.

"Ke Kulu, ashe kun sani?"

"Mun san mi?"

"Kak ki raina min wayo. Rigar Mamman Dogo ta. Wa ad da koren aiki duk garin ga in ba shi ba?"

Aka ci gaba da wasa. Aka zuba wa mai gadi soɓorodona a ka, ɗan sanda ya bi sawu, aka kama Na'Allah, aka tuɓe rigar aka ɗaga ta sama yadda Malam ya so, na baya ma suka gani. Kafin magariba duk Horo Birni ta gama shari'a: Malam Sahabi ba ya wasa a banza, ya nuna musu wanda ya kwashe taki.

Mamman Dogo manomin albasa ne, mai iyali da yawa, ba a taɓa jin sa da kowa ba. Na zaci zai zo da sanda. Da ya zo gidana a Boɗinga, a zaure ya tsaya, ya gaishe ni har ƙasa.

"Inna, ban zo rigima ba. Abu guda nika roƙo. Kak ki hwaɗi inda kinka samo ta."

"Mamman, cewa suka yi kai kas sace taki. In na ce a gwanjo nas saye ta, ka wanku."

"In wanku in zama mi? Wanda yas sai da rigar Sallatai don hatsi?" Ya dubi ƙofa ya rage murya. "Jiya mutum ukku sunka durƙusa sunka gaishe ni. Tun da anka haife ni ba a taɓa ba. Ɓarawon gwamnati, bayan ido aka zaginai. Matsiyaci kuwa a gaban ido aka tausaya mai, kuma wannan ya fi zagi ciwo."

Na ce masa bakina a rufe yake. Sana'ata ma ba ta magana ba ce.

To ku ga ikon Allah. Mutumin da gidansa sau ɗaya ake ɗora tukunya, ya wayi gari babban mutum. In ana suna, a shimfiɗa masa tabarma a gaba. In an yi rigimar iyakar gona, a ce a kira Mamman. Wasu har Alhaji suke ce masa, shi da bai taɓa wuce Sakkwato ba. Mutane su bi shi a hanyar masallaci suna raɗa, ko buhu guda a taimaka. Shi kuwa sai ya shafa gemu ya ce, "A yi haƙuri tukuna, idanu sun yi yawa." Ba ƙarya ya yi ba, idanun sun yi yawa.

Sai soja suka karɓi mulki. Aka shiga farautar masu ɓoye kaya, ana fasa shaguna, bulala na aiki. Waɗanda suka riƙa durƙusa wa Mamman, da suka ga buhun bai fito ba, su suka kai sunansa. Aka kira shi ƙofar hakimi, aka kira Malam Sahabi, aka kira ni. Na tarar da jama'a cike, ga wani saurayin soja tsaye da bulala, baƙo ne, Hausarsa ta gabas. Ya ce maganar ba ta da tsawo, a je a fasa rumbunan mutumin a gani.

Ku da kuka tashi da buhun shinkafa a kicin ba za ku gane ba. Rumbun maigida ba a leƙa shi. Ko ƙanensa uwa ɗaya ba ya ɗaga murfin. Muddin yana rufe, maigida na da hatsi, ko da ɓera kaɗai ke ciki. In an fasa na Mamman, ba za a ga taki ba, gaskiya ne. Amma duk gari zai ga babu ko zangarniya. Ya tsira daga bulala ke nan, ya rasa abin da ya yarda a kira shi ɓarawo don ya tsare. Na dube shi. Dogon mutum ya koma kamar an rage masa tsawo.

Hakimi dattijo ne, ya san abin da fasa rumbu ke nufi. Ya ce a fara jin 'yan wasa. Malam Sahabi ya rantse shi bai nufi kowa ba. Soja ya ce, to rigar fa? Malam ya ce a tambayi mai adaka.

Na durƙusa. "Ranka shi daɗe, riga tawa ta, ni naɗ ɗinka ta. Ban ari ta kowa ba. Tashi tana gidanai."

"Ƙarya ne!" wani ya ce daga baya. "Da idonmu munka gani!"

Soja ya ce a kawo duka biyun a ajiye gefe da gefe. Hakimi ya ce adakar tana Boɗinga, mota kuwa babu mai, a bari sai ran kasuwa, shi ya tsaya wa Mamman.

Wannan shi ne ɗinkin da ya fi kowane wuya a rayuwata, kuma shi ne mafi muni da na taɓa yi da gangan. Riga babba guda ta rage mini, farar rigar alƙali. Na kai ta marina aka tsoma ta sama-sama. Na warware wata tsohuwar koriyar hular sanyi, na shimfiɗa ulun a wuya da ƙirji cikin siffar aska biyu, ina kama shi da zare nan da can. Dole ta yi kama da ta Mamman ga wanda ke nesa, dole kuma ta zama abin dariya ga wanda ya taɓa. In ta yi kyau, a ce wata rigar mutum ce na aro. In ta yi muni da yawa, a ce ba ita aka gani ba. Na shafa mata toka a wuya, na ɗiga soɓorodo a hannun dama, inda ɓarawo ya riƙe mai gadi. Ta gaskiyar kuwa, wadda na saya wurin Tanko, na wanke ta, na kai aka buge, na ninke ta a gindin ƙwarya, na rufe da busasshen soɓorodo, na tafi Horo Birni gaida matar Mamman. Ta karɓi ƙwarya ta shiga ɗaki. Ta daɗe. Da ta fito ta miƙo mini ita da ɗan ƙullin daddawa a ciki, don ba a mayar da ƙwarya wofi. Muka yi hirar tsadar gishiri, na tashi.

Ran kasuwa Mamman ya zo sanye da shuɗiyar rigarsa. Na buɗe adaka na ɗaga tawa sama. Idon jama'a na zuwa nan yana komawa can. Soja ya matso, ya ja koren ulun da yatsa biyu, aska guda ta taso gaba ɗaya ta biyo hannunsa. Ya yi dariya har bulala ta faɗi.

"Wannan tsumman kuka ce rigar mutum ce? Kun tara hukuma a kan wasan yara?"

Matar nan da ta zungure ni a filin makaranta ita ta fara magana. "Ni dama tun ran nan nac ce shuɗin bai kai na Mamman ba."

Ba a taɓa rumbu ba. Takin kuwa har yau ba a ga wanda ya ɗauka ba. Ƙungiyarmu ta samu rigar ɓarawo wadda ba ta kowa ba, ta rasa ta alƙali, don baban rini in ya kama ba ya fita. Malam Sahabi ya yi ta gunaguni, ƙarshe ya riƙa shirya wasanni ba kotu. In an kama mai laifi sai a ce an tafi da shi. Masu kallo ba su ga wani abin mamaki a ciki ba.

Bayan ruwa ya sauka an yi shuka, na haɗu da Mamman a kasuwar Shagari, yana tsugune gaban 'yar albasarsa. Mutane na wucewa ta gabansa, ba mai ko rage tafiya. Na yi masa sallama. Ya amsa da ƙyar.

"Lahiya, Mamman?"

"Lahiya lau. Kin kyauta, Inna. Yanzu ko akuya ba ta kauce min a hanya."

"Ka fi son a hwashe rumbun?"

"Ban ce ba."

"To mi kaka so?"

Ya juya albasa guda a hannunsa, ya ajiye. "Ke mai sana'a ta. Ba ki iya barin ɗan shakku ko kaɗan? Sai kin wanke ni tas?"

Na zaɓi albasata na tashi. Har ya rasu gaisuwarsa gare ni ba ta wuce ta dole ba.